Wa ke da alhakin nuna iyakar magana?

A watan Nuwamba na 2024 'yan sandan jihar Sakkwato suka kama Hamdiyya Sidi Sharif, matashiya 'yar shekara 18 daga ƙaramar hukumar Wurno, bayan wani bidiyo da ta yi tana kokawa kan halin matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, tana kuma sukar Gwamna Ahmed Aliyu. Rundunar ta ce ba sukar ce dalili ba, tunzura jama'a ta yi. Aka gurfanar da ita bisa tuhumar zagi da neman tayar da zaune tsaye. Ƙungiyar Amnesty International ta tsaya mata, Barista Abba Hikima ya karɓi aikin kare ta.

Masu kare matakin hukuma suna cewa kowane 'yanci yana da iyaka, kuma ba su yi ƙarya ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar faɗar ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita damar saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu. Sai dai sashen ya gindaya sharaɗi: dokar da za ta taƙaita dole ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ke nan nauyin kawo hujja yana wuyan mai hanawa. A jerin dalilan nan babu ɓacin ran mai mulki.

Kotu ta daɗe da faɗin haka. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa hukunci saboda littafin da ya rubuta yana caccakar Gwamna Jim Nwobodo na Anambara. Ta ce dokar cin amanar hukuma da aka gada daga Turawa ta saɓa wa tsarin mulki, kuma shugaban da ke ganin an ɓata masa suna yana iya shigar da ƙara kamar kowa.

Amfanin ƙungiyoyin kare haƙƙi a nan yake. Ba sai sun yarda da kowace kalmar wanda ake tuhuma ba. Aikinsu shi ne su tilasta wa hukuma ta fito da hujjarta a bainar jama'a, domin 'yar ƙauye ita kaɗai ba ta da wannan ƙarfi. Zargin da ake musu na cewa bakinsu ya fi kauri a Abuja da Legas, kuma sai magana ta yaɗu a intanet suke isowa, yana da ƙamshin gaskiya. Mata nawa ne a Rabah ko Goronyo suka faɗi abin da ya fi nata zafi, ba wanda ya ɗauke su a waya? Maganin wannan shi ne lauyoyi da malaman yankin su shiga aikin da kansu.

Abin da ya fi nauyi shi ne asalin kukan. A watan Oktoba na 2021 an kashe mutum fiye da 40 a harin kasuwar Goronyo. Sashe na 14 na kundin ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Wanda aka kora daga gonarsa, kuka ne kaɗai ya rage masa, kuma hukumar da ke son taƙaita kukan sai ta fara nuna wa kotu wace fitina ya haifar.