Makarantun Hutu: A Bar Yaro Ya Taɓa Da Hannunsa

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba makarantun boko su kan rufe domin dogon hutu. A 'yan shekarun nan an shigo da wata al'ada a manyan garuruwa, watau a tara yara mako biyu ko uku a koya musu lissafi da kimiyya da yadda a ke ba kwamfuta umarni. Abin da ya bambanta wannan karatu da na aji shi ne yaro ba ya zama ya yi ta kwafe abin da a ka rubuta. Ana ba shi batir da waya da ƙwan fitila a ce ya haɗa har wuta ta kama. Ana ba shi yashi da gawayi da tsakuwa ya tace ruwa mai laka. In bai yi daidai ba ya warware ya sāke, har ya gane inda kuskure ya ke. Gani ya kori ji.

Waɗansu iyaye su na ɗari-ɗari da abin, su na ganin kamar baƙo ne. To, ya kamata malamai su tuna cewa hisabi tsohon ɗan gida ne. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kashi na littafin a kan rabon gado da wasiyya ya ke. Daga sunansa ne Turawa su ka samo kalmar da su ke kiran jerin matakan da kwamfuta ke bi in za ta warware matsala. A ƙasar Hausa ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi littafi a kan hatimai na lissafi wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wanda ya san fara'ili ya riga ya san tushen wannan ilmi. Idan mamaci ya bar ɗa, matarsa ta na da sumuni. Idan bai bari ba, ta na da rubu'i. Wannan "idan kaza, to kaza" shi ne ginshiƙin umarnin da a ke rubuta wa kwamfuta. A manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, yaro ɗan shekara tara ya kan jera irin waɗannan sharuɗɗa kamar tubali, ya ga sakamakonsu nan take. Haka kuma mai auna inuwa domin sanin shigar La'asar ba zai yi mamaki ba in ya ga an kafa sanda mai tsawon mita 1, inuwarta ta kai mita 2, yara su ka auna inuwar itace su ka sami mita 20, su ka ce tsawonsa mita 10 ne, ba wanda ya hau.

'Yan kasuwa kuwa sun ga aya a farkon 2023, sa'ad da takardun naira su ka yi wuya, ciniki ya koma ta waya da na'urar POS. Wanda ke da yaro mai kan lissafi da sanin na'ura ya ci gaba da saye da sayarwa, wanda ba shi da shi ya dogara ga bare, ya damƙa masa asirin dukiyarsa. Ɗan da zai gāji rumfa a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi lalle ne ya san abin da ke cikin na'urar da kuɗin gidansu ke bi.

Amma fa ba kowace makarantar hutu ce ta cancanci kuɗin uba ba. Akwai inda a ke tara yara da yawa a kan kwamfuta ɗaya, malami na taɓawa su na kallo, ran ƙarshe a raba riguna da takardar shaida. Wannan biki ne. Uba ya je da ƙafarsa ya tambaya: yara nawa ke kan na'ura guda? Wa ke kula da su? An tsara lokaci yadda ba zai ci salla da karatun allo ba? Sa'an nan kowace yamma ya ce wa yaron ya nuna abin da ya haɗa da hannunsa.

Babban abin tsoro shi ne kuɗin shiga ya mai da wannan alheri na 'ya'yan masu hali kaɗai. Nan ne attajirai ke da aiki. Wanda ya iya gina masallaci ya na iya sayen kwamfuta biyar da farantin hasken rana, ya ajiye a makarantar unguwa, a sa almajirai da 'yan mata a cikin masu koyo. Da yawa daga darussan nan ma ba su bukatar lantarki, sai sanda da igiya da kwalba da malami mai haƙuri. Alarammomi su ba da zaure da izini, masu dukiya su ba da kayan aiki, ɗaliban jami'a da ke gida hutu su koyar. Icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah Ya sa a dace.