Cacar wasan ƙanƙara: masu sayar da hasashe sun shigo wayoyin samarinmu

A ƴan makonnin nan ƙorafi iri ɗaya ke ta shigo mana. A rukunonin WhatsApp da Telegram ana tallar hasashen wasan hoki na kan ƙanƙara, abin da samari ke ce wa furonostik. Ka biya jika 2 ko 3, a turo maka sunan ƙungiyar da wai ba ta faɗuwa. Wani ɗan'uwa mazaunin Montreal a Kanada ya kira mu, ya ce ƙanensa ya dame shi da tambaya, wai tunda yana can ai ya san mai ci.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, 25 a Amurka, 7 a Kanada. Ana farawa a watan Oktoba, a ɗauki kofin Stanley a watan Yuni. Ƴan wasa suna sulɓi kan ƙanƙara, suna kora ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Yawancin wasannin tsakar dare suke faɗawa a agogon Nijar, wato mai zuba kuɗin bai ma ga abin da ya faru ba.

To ku ji abin da ya samu Boston Bruins. A kakar 2022 zuwa 2023 ta ci wasa 65 cikin 82, abin da wata ƙungiya ba ta taɓa yi ba. A zagayen farko na neman kofi ta haɗu da Florida Panthers, wadda da ƙyar ta samu gurbi. Wanda ya fara cin wasa 4 shi ke wucewa. Boston tana da 3, Florida 1, sai Florida ta ci 3 a jere ta kore ta gida. Haka wasan yake: ba a zura da yawa, faifan kan bugi ƙafar wani ya shige raga, mai tsaron gida ɗaya in ya tashi da sa'a sai ya hana kowa. Kuma tun 2005 an ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka babba da ƙarama ba su yi wa juna nisa ba.

Akwai kuma tarkon da ba a faɗa wa yaro. Wasan minti 60 ne, kashi 3. In an yi kunnen doki sai a ƙara lokaci. A wani nau'in cacar, minti 60 ɗin kawai ake lissafawa. Ƙungiyarka ta ci a ƙarin lokaci, kai kuma kuɗinka sun tafi.

Lissafin kamfani ma a fili yake. In an ba kowane gefe 1,90, ka zuba jika ɗaya nan, jika ɗaya can, sefa 1900 za su dawo maka cikin 2000. Shi ko mai sayar da hasashe ya fi kowa sauƙi: ya ce wa rabin mutane wannan, rabi wancan. Gobe rabi suna yabonsa.

Can ma abin ya fara damun su. A 2018 kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar cacar wasanni, Kanada ta halatta caca kan wasa guda a 2021. A Oktoban 2023 NHL ta dakatar da Shane Pinto na Ottawa Senators wasa 41 kan batun caca, lardin Ontario kuma ya hana sa ƴan wasa a tallar caca daga 2024. Hukuncin addini kuwa, malamanmu sun sha faɗa a wannan tasha.

Ɗan'uwan na Montreal ya ce sau ɗaya tak ya taɓa shiga filin wasan, sanyi ya hana shi gane komai. Abin da ya sa ya kira mu shi ne, kuɗin da ƙanen ke zubawa na takin gonar tsohonsu ne ya turo.