Kashin maƙeran Taruga ya fi mutum-mutumin Nok buƙatar tsaro

Duk lokacin da aka ambaci al'adar Nok, hankali kan tafi ga kawunan yumɓun nan masu idanu a huje, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Su ake bugawa a littattafai, su ake neman Turai ta dawo da su. Wannan kira daidai ne, sai dai ya rufe wata asara da ta fi shi girma.

A Taruga, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Abuja, Bernard Fagg ya tono tanderun narka tama a shekarun 1960. Gwaji ya nuna sun haura shekara 2,000, suna cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. Tanderu ɗaya shaida ce ta aikin jama'a da yawa: mai sanin dutsen da ke da tama, mai sarar itace ya ƙona gawayi, mai gina yumɓun da zai jure wuta, da manomin da ya ciyar da su duka. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta soma a 2005 ya gano cewa mazauna waɗannan tuddai gero da wake suke nomawa, har an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Ba daga kyawun mutum-mutumi aka san haka ba. Daga ƙonanniyar ƙwayar hatsi, dutsen niƙa, gawayi da kashin maƙera aka sani, wato tarkacen da ba mai saye a kasuwa.

Shi ya sa masu tonon sata suke ɓarna biyu. Suna ɗauke kai su kai wa dillali, sannan suna birkita ƙasar da ke kewaye da shi, alhali ita ce ke faɗin shekarunsa. Kan da aka sace ana iya dawo da shi ta jirgin sama. Ƙasar da aka hautsina ba ta komawa yadda take.

Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta karkata kuɗi da ma'aikata zuwa wuraren da ba a riga an tone ba: ta shata iyakokinsu tare da masu gari, ta ɗauki matasan ƙauyukan aikin gadi da albashi, domin galibi talauci ne ke sa su riƙe wa dillalai diga. Taruga tana kusa da ofishin hukumar da ke Abuja, da ita ya dace a fara.