Gurbin "Jihar Asali": Inda 'Ya'yanmu Ke Ɓacewa a Lissafin Jami'o'i

Jama'a, duk magidancin da ya taɓa cike wa ɗansa fom ɗin JAMB ya san akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta jihar asali, a ƙarƙashinsa kuma ƙaramar hukuma. Da yawanmu mukan cike shi ba tare da dogon tunani ba, alhali kuwa shi ne zai bi yaro tun daga neman shiga jami'a har zuwa neman aiki. Don haka wajibi ne mu san ma'anar kalmomin da ake ƙidaya mu da su.

A jami'o'in gwamnatin tarayya ana kasa guraben karatu gida uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, wato yawan makin da yaro ya ci. Kashi 35 na 'yan yankin jami'a ne, wato jihohin da aka keɓe wa kowace jami'a a kewayenta. Kashi 20 kuwa na jihohin da aka bari a baya ne a ilimin boko. Kashin farko ne kaɗai ba ya tambayar asali. A sauran kashi 55 ɗin, abin da akan duba a aikace shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, ba inda aka haifi yaro ba, ba kuma inda ubansa ke biyan haraji ba.

Mu ɗauki yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa tun 1916. A Oyo ya yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa. Muddin fom ɗinsa ya ce Kano, to Jami'ar Ibadan da ke cikin garinsu ba ta lissafa shi cikin 'yan yankinta ba. Wani zai ce ai Kano na cikin jihohin da aka bari a baya, saboda haka yana da rabo a kashi 20. Wannan gaskiya ne ga mai takarda. To ina wanda kakan kakansa ne ya baro Arewa da fataucin goro ko shanu, babu dagaci ko mai unguwar da zai shaide shi a can, nan kuma an hana shi? Shi kam ba tsuntsu ba tarko.

Haka lamarin yake a ɓangaren ma'aikata. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ita ke sa ido a kan yadda ma'aikatu da jami'o'in tarayya ke ɗaukar aiki, bisa sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, kuma da jihar asali take ƙidayar ma'aikata. Jami'o'in jihohi da dama ma kuɗin makaranta biyu suke sawa, na 'yan jiha daban, na baƙi daban. Ba mu manta da 2011 ba, lokacin da gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ta ce ba 'yan asalin jihar ba ne.

Babbar illar ita ce ta alƙaluma. Idan aka fitar da jadawalin ɗalibai ko na ma'aikata, 'ya'yanmu na Jos da Agege da Shagamu da Inugu sukan faɗa ƙarƙashin Kano ko Katsina ko Sakkwato. Babu layin da ke nuna yara nawa 'yan zango suka nemi gurbi, nawa suka samu. Wanda ba ya cikin lissafi kuwa, da wace hujja zai kai kuka?

Mu ba ma adawa da raba daidai, don an kawo shi ne saboda kada wani ɓangare ya danne wani. Kuma abin da ke cin mu shi ke cin ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, don haka idan muna neman adalci a nan, dole mu nema masa a can. Sashe na 15(3) ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina, sashe na 42 kuma ya haramta wariya saboda asali. Ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar don ba da asali ta hanyar haihuwa ko daɗewar zama ko aure, an janye shi a 2025, wanda hakan ke nuna da sauran aiki a gabanmu.

Muna kira ga JAMB da Hukumar Kula da Jami'o'i su riƙa fitar da alƙaluman wurin haihuwa da wurin zama tare da na jihar asali. Mu kuma a gida, kowane yaro a karɓar masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a adana rasit ɗin haraji da takardun makaranta. A guji sayen indijin ta bayan fage, don ranar tantancewa ita za ta tona asiri. Kowace unguwa ta buɗe rajistar ɗalibanta, waɗanda suka nema da waɗanda suka samu. Sannan a dage wa yara da karatu, domin ƙofar cancanta ba ta tambayar garin kakan kowa.

Allah Ya yi mana jagora, amin.