Malami A Baƙon Wuri: Haƙƙin Jiki Da Haƙƙin Almajirai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A makon jiya na je gida Badafi, cikin ƙasar Ƙiru, domin wata ta'aziyya. Bayan an idar da sallar La'asar sai wani saurayi, malamin Islamiyya, ya biyo ni zaure ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce jama'ar wani zango a ƙasar Gana sun aiko neman wanda zai je ya karantar da 'ya'yansu shekara biyu fisabilillahi, babu albashi sai ci da sha da wurin kwana, shi kuwa ya amsa. Abin da ya kawo shi, in gaya masa littattafan da zai ɗauka. Na ce, "Ɗana, zancen littattafai mai sauƙi ne. Ka yi allurar shawara? Ka tanadi gidan sauro?" Sai ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, mu da muka tashi a bakin fadama, wane sauro ne zai ba mu tsoro?"

Wannan dariya ita ce dalilin rubutuna na yau, domin ni ma na taɓa yin irinta, saura kaɗan kuwa ta kai ni kabari.

Da farko dai, fita wata ƙasa domin karantarwa aiki ne mai asali. Mus'abu ɗan Umairu shi ne malamin farko da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika Madina tun kafin Hijira, ya sauka gidan As'adu ɗan Zurara yana koya wa mutane Alƙur'ani. Daga baya an aika Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman. A wajenmu kuma, duk inda fataken goro suka kafa zango a hanyar Gwanja, malami na biye da su da allo da tawada. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, sa'an nan ya koma Kete-Krachi ya yi ta karantarwa har Allah Ya karɓi ransa a 1934. A zamanin nan ma, tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin aika ƙwararru, watau malamai da likitoci da ma'aikatan jinya, zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, kowane rukuni shekara biyu. Saboda haka niyyar wannan yaro abar yabo ce. Amma kyakkyawar niyya ba ta sauke wa mutum wajibcin tanadi.

Ni kaina na yi irin wannan zama a wani zango kusa da Kumasi, ina da shekara talatin da 'yan kai. Mai masaukina dattijo ne, tsohon falken goro, wanda kakansa ya fito daga ƙasar Kano. Ya ba ni ɗaki a jikin masallaci. Da an yi Asuba sai in zauna da yara har hantsi, su tafi makarantar boko. Da La'asar su komo. Tsakanin Magariba da Lisha kuma manya su zo da Ahalari da Iziyya da Risala. Ranar Alhamis da Juma'a matan aure ke zuwa. Abinci kuwa, da safe koko da ƙosai kamar gida, amma da rana sai dokunu mai tsami da soyayyen kifi da barkono, ko sakwara da miyar ƙwaƙwa. Na yi wata guda cikina bai yarda da su ba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne iskar ƙasar. Mu a kudancin Kano, daga Bebeji har dutsen Riruwai, mun fi mutanen arewa samun ruwa, amma daminarmu ɗaya ce, ta wuce a huta. Can kuwa damina biyu ce a shekara, gumi ba ya bushewa, tufa in an wanke sai ta kwana biyu a igiya, littattafaina har suka soma yin furfura.

Ga karatu kuma, na tarar da abin da ban zata ba. Na ɗauka tunda Hausawa ne, yadda nake fassara a gida haka zan yi. Ashe Hausar zango ta bambanta da tamu: ba su raba namiji da mace a magana, sai ka ji an ce "uwana ya zo", yaran kuma sun fi sakewa da Tonanci da Turanci. Makon farko na yi ta gyara musu harshe, suna kallona. Sai mai masaukina ya kira ni gefe ya ce, "Malam, alwala muka kira ka ka gyara, Hausa kuwa bar mu da tamu." Na ji kunya, na kuma gane gaskiya ya faɗa. Daga ran nan na koma almajirinsu a harshe, su kuma almajiraina a karatu, abu ya soma tafiya.

To, cikin wata na bakwai, kwana kaɗan da kamawar azumi, sai zazzaɓi ya sauko mini. Na ce ai masassarar da muka saba ce, na aiki yaro ya sayo mini ƙwayoyi a wani shago, na sha da sahur, na ci gaba da azumi da tafsiri. Kullum da yamma zafin jiki ya fi na jiya, ga ciwon kai, ga ciwon ciki, abinci ba ya shiga. Dattijon nan ya ce in ajiye azumi mu tafi asibiti. Na ƙi. Abin da ke zuciyata, in na faɗi gaskiya, ba tsoron Allah ba ne kaɗai. Kunya ce, kada a ce malamin da aka ɗauko daga Kano an gan shi yana shan ruwa da rana. Ranar sha biyu ga wata ina cikin jan baƙi sai na ga haruffa suna rawa. Ban farka ba sai a gadon asibiti, da ledar ruwa a hannuna. Likita ya ce taifot ne, wanda ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa ko abinci, maganin cizon sauro kuwa ba ya taɓa shi. Ya ce in aka bar shi ya shiga mako na uku yakan huda hanji. Na yi kwana arba'in ban zauna gaban almajiri ba. Tafsirin shekarar ya tsaya a Suratul An'am, yara suka watse, wasunsu ba su komo ba har na bar ƙasar. Da na sha ruwa kwana bakwai na rama bayan Salla, da duk wannan hasara ba ta auku ba.

Abin takaici, hukuncin yana cikin littattafan da nake karantarwa kullum. Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi rangwame ga majinyaci da matafiyi a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, su sha su rama. Sai dai a lura da wani abu: a mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, saboda haka malamin da ya je zaman shekara biyu ba shi da kasaru, ba shi da uzurin tafiya. Amma uzurin ciwo yana nan. Malamanmu sun ce in mutum ya ji tsoron azumi zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewa, ya halatta ya sha. In kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, to, shan ya zama wajibi, wanda ya ƙi ya yi saɓo. Haka nan taimama, wadda aka ambata a Suratul Ma'ida aya ta 6, ta halatta ga wanda ruwa zai cutar. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a wata tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka ce ba su ga yana da rangwame ba, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, ya nuna da sun yi tambaya da ba su halaka shi ba.

Kada kuma wani ya zaci rashin lafiya a baƙon wuri alama ce ta raunin imani. Buhari ya kawo cewa sa'ad da Muhajirai suka isa Madina, zazzaɓin garin ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, har suna begen Makka, Annabi (S.A.W.) ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina Ya kuma kawar da zazzaɓinta. Sayyidina Umar kuwa, da ya ji annoba ta faɗa ƙasar Sham, komawa ya yi da jama'arsa daga hanya, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. In waɗannan bayin Allah sun yi jinya kuma sun yi kaffa-kaffa, wane ne ni?

Saboda haka ga abin da na gaya wa yaron nan, nake kuma gaya wa duk mai irin niyyarsa. Ya yi allurar shawara ya riƙe katinta, domin ana tambayarta a iyakar Gana, sau ɗaya kuwa ta isar. Ya kwana cikin gidan sauro ko da zafi ya dame shi. Kada ya sha ruwan da bai san asalinsa ba sai ya tafasa. In zazzaɓi ya zo, a gwada jini tukuna kafin a sha magani, domin cututtuka da yawa kamanninsu ɗaya ne, kilorokwin da iyayenmu suka dogara da shi kuma ya daina aiki, tun tsakiyar shekarun 2000 aka sauya shi a Nijeriya da Gana. Tun ranar da ya sauka ya san inda asibiti yake, ya kuma saurari mai masaukinsa, gama baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Sauran magana gare ku take, alhazai 'yan kasuwa, ku da kuke ɗaukar nauyin irin waɗannan tafiye-tafiye. Na sha ganin attajiri ya gina masallaci ya shimfiɗa darduma mai tsada, sa'an nan ya sallami malami da kuɗin mota kawai da fatan alheri. Wannan bai isa ba. Ku ware masa kuɗin magani, ku san abin da iyalinsa za su ci a bayansa, ku riƙa kiransa kuna jin lafiyarsa. Ni dai, da dattijon nan bai sayar da ragon da ya tanada don layya ya biya kuɗin asibiti ba, ban san yadda za ta ƙare ba. Allah Ya jiƙansa. Ku kuma ma'aikatan gwamnati da ake turawa ƙasashen waje, ku sani wannan hukunci ya shafe ku: jikinku amana ne, ɗaliban da aka damƙa muku kuma suna da haƙƙin su same ku a aji gobe.

Kafin in baro Badafi yaron ya sake zuwa, ya nuna mini katin allura. Na rubuta masa sunayen littattafai biyar, na ce sauran zai koya a can. Allah Ya kai shi lafiya, Ya komo da shi lafiya, Ya amfanar da jama'a da iliminsa, amin.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Haza wassalam.