Keke, Littafi da Biro: Mu Zaga Ƙasar Wudil a Hutun Nan

Jarrabawar zangon farko ta ƙarato, daga ita sai hutu, kuma mun san da yawa daga cikinmu hutun nan zai ƙare ne tsakanin majalisa, gidan kallon ƙwallo da latse-latsen waya. Wannan makon muna da shawara ga makarantun Wudil da kewaye, wanda yake wani gari kuma sai ya auna ta da nasa garin: a haɗa ƙungiya, a hau keke, a fita a ga ƙasar da aka haife mu a cikinta.

A ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa yawon keke tsohuwar al'ada ce. Mutum zai ɗaure kayansa a kariya, ya yi kwana da kwanaki yana ratsa ƙauyuka da dazuzzukan dogayen itatuwan nan na ƙasar sanyi masu ganye kamar allura, yana tsayawa a tsofaffin gidajen sarauta yana karanta tarihinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya. Mu a nan ba mu da irin dajinsu, amma muna da kogi, da kuka da ɗorawa, da garuruwan da suka girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Keken kuwa da wuya a rasa shi a gida, ko da tsohon Raleigh ne ko Phoenix na kaka.

Me ya sa keke? Mai mota yana wuce ƙauye ne kafin ya gama karanta sunansa a allo. Mai tafiya a ƙasa kuma rana za ta faɗi bai je ko'ina ba. Ɗalibi a kan keke, ba tare da ya wahalar da kansa ba, zai ci kilomita 12 zuwa 15 a awa guda, ya ji ƙamshin gona, ya amsa gaisuwa, ya taka birki duk inda idonsa ya ga abin tambaya. Babu kuɗin mai, babu kuɗin mota.

Daga bakin gada za a fara

Kowa ya san gadar Wudil, amma ɗalibai nawa ne za su iya faɗin inda ruwan da ke ƙarƙashinta ya fito da inda ya nufa? Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin su iso Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ruwan ya nausa Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, wanda yake kwarara zuwa Tafkin Chadi. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 su ne suke riƙe da linzamin wannan ruwa a yau. A tsaya a tambayi dattijon masunci ko mai noman rani yadda kogin yake kafin a gina Tiga da yadda ya koma bayanta: yaushe yake cika, yaushe yake ƙafewa, wane kifi ne ya yi ƙaranci. Amsar da zai bayar darasin labarin ƙasa ne wanda babu shi a littafin aji.

Gabas, zuwa Gaya

Daga Wudil zuwa Gaya kimanin kilomita 20 ne, wato tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. A tarihin da aka gada kaka da kakanni, daga Gaya ne maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala, kuma ana cewa sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ne ya bi birnin. Mun haddace wannan don jarrabawa, amma zuwa garin da kai, da zama gaban maƙeri ana kallon zugazugi da uwar maƙera, yana sa labarin ya zauna a kai zama na har abada. A tambaye shi wa ya koya masa, kakansa nawa ya sani a sana'ar, kuma a ina yake samun ƙarfe yanzu da aka daina narka tama.

Kudu, kan sawun Yusufawa

Masu karatun tarihi sun san Basasar Kano. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi da 'yan uwansa ba su yarda ba, suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba, a Garko ya rasu, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894. Shi ne yake kan gadon sarauta lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. To Garko tana kudu da Wudil, tafiyar hantsi ce a keke. Takai ta fi nisa, sai manyan ɗalibai masu ƙwari, kuma sai an yi sammako. Duk wanda ya taka feda a wannan tsakani zai gane abin da ake nufi idan aka ce runduna ta tashi daga gari kaza zuwa gari kaza da dawaki da 'yan ƙasa, ga rairayi, ga ƙishirwa.

Wanda bai shirya wa nisa ba, ga Utai nan cikin ƙaramar hukumar Wudil, mazaunin Joɓawa, zuriyar su Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano, gidan da sarautar Makaman Kano take. Ga Darki, ga Lajawa, ga Indabo, ga Achika. Kowannensu yana da dalilin sunansa, kuma akwai tsohon da ya sani.

A nan ne maganar take da gaggawa. Waɗannan tsofaffi ba za su jira mu ba. Duk shekara ana binne wasu da abin da ke cikin kansu. Ganuwar garuruwa da yawa ta zaizaye, wata an haƙe ƙasarta an yi gini, marina ta zama juji, tsohuwar rijiya an cike ta. Idan ɗaliban yau ba su je sun tambaya sun rubuta ba, na gobe ko sun je babu wanda zai ba su amsa.

Itatuwan hanya ma malamai ne

A lura da gawo a cikin gonaki. Shi ne itacen da yake saɓa wa sauran: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Don haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyensa yana zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa manomin kirki ba ya sare shi. A ƙirga kuka, ɗorawa, tsamiya, kanya da giginya nawa aka gani a kilomita guda, manya nawa, ƙanana nawa. Idan aka tarar duk tsofaffi ne babu masu tasowa, to an gano matsalar da ta cancanci a tattauna a aji.

Masu son lissafi ma ba a bar su a baya ba. Tayar babban keke mai inci 28 faɗinta kusan santimita 71 ne. A ninka da 22 bisa 7, za a samu kimanin mita 2.2 a kowane juyi, wato juyi kusan 450 a kilomita guda. A ɗaura ƙyalle a taya, a tura keken ana ƙirgawa, sai ga shi an auna tsawon kufan ganuwa ba tare da tef ba.

Shiri kafin tashi

Ba a fita sai da yardar iyaye da takardar shugaban makaranta, kuma da malami aƙalla biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mutum 10 zuwa 12 sun isa ayari guda. Kwana biyu kafin tafiya a kai kowane keke wajen mai gyara ya duba birki, kaca da taya. A tafi da famfo, faci da sholisho, sifana, ruwan sha isasshe, da abin taɓawa irin su ƙuli-ƙuli, dabino ko gurasa. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, shi ya fi dacewa: an gama girbi, hanyoyin gona sun bushe, rana ba ta da zafin bazara. A tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, a dawo gida kafin la'asar sakaliya.

Babban haɗari shi ne titin Kano zuwa Maiduguri. Tirela da tanka ba sa ganin mai keke, kuma iskarsu kaɗai tana iya kayar da yaro. Inda akwai burtali ko hanyar ƙauye a bi ta, ko da ta fi nisa. Inda dole sai an hau kwalta, a bi gefen dama a jere ɗaya bayan ɗaya, babu tsere, babu sakin hannu, babu goyo, babu abin sauraron waƙa a kunne. A sauka a tura keke wajen tsallaka titi da kan gada. A kauce wa ranar Juma'a, domin ranar kasuwar shanu ce, manyan motoci suna cika garin. Kafin a nufi kowane yanki kuma malamai su tuntuɓi hakimi ko dagaci da jami'an tsaro, idan aka ce a dakata, a dakata. Daji mai nisa ba wurin ɗalibai ba ne.

'Yan mata ma suna da rabo. Inda iyaye suka amince, malamai mata su shirya musu gajeriyar tafiya zuwa ƙauye na kusa, a tattara hijabi da zani kada kaca ta kama. Su ne ma za su iya shiga cikin gida wajen tsofaffin mata, inda tarihin aure, saƙa, kaɗi da daddawa yake, wanda maza ba za su taɓa ji a zaure ba.

Idan an isa gari, ƙofar dagaci ko mai unguwa ake fara zuwa. A jingine kekuna, a cire takalmi, a durƙusa a yi gaisuwa: “Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga Wudil, mun zo neman sani.” Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada a ratsa gonar mutane, kada a ɗauko komai daga kufai ko maƙabarta. In dattijo yana magana a bar shi ya kai aya, ko da abin da ya faɗa ya saɓa da na littafi. A rubuta nasa yadda ya faɗa, da sunan garin da ranar, a je a gwada da na wani. Haka masana tarihi suke aiki.

Bayan an dawo, kowane ɗalibi ya rubuta shafi biyu, a zana taswirar hanyar da aka bi, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta, a mayar wa dagacin garin da kwafi guda don ya san ba a banza ya ɓata lokacinsa ba. Makarantar da ta yi haka sau uku a shekara, kafin 'yan aji ɗaya su gama sakandare ta tara littafin da babu irinsa a kasuwa.

Muna jiran rahoton ƙungiyar da za ta fara fita. Wanda ya fi tsari za mu buga shi a wannan shafi da sunan makarantar. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya kai mu hutu lafiya. Sai mako mai zuwa.