Kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki kan Bautar Ƙasa

Zuwa ga mai girma Ministan Raya Matasa, da Babban Daraktan hukumar bautar ƙasa ta NYSC, da 'yan Majalisar Dattawa da ta Wakilai.

Ranku ya daɗe, maganar ko ya kamata a ci gaba da tilasta wa matasa bautar ƙasa ta daɗe tana yawo, har a 2021 aka kai ƙudurin soke shirin gaban Majalisar Wakilai. Ni dai ba na cikin masu neman a soke shi. Roƙona shi ne tilascin ya hau kan gwamnati kamar yadda ya hau kan ɗan talaka, domin a yau ɓangare ɗaya ne kawai doka ke bi da bulala.

Lokacin da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin da doka mai lamba 24 a ranar 22 ga Mayu 1973, shekara uku ke nan da gama yaƙin basasa, kuma dalilin a fili yake: a ɗauki ɗan Inugu a kai shi Katsina, a ɗauki 'yar Daura a kai ta Kalaba, su ci abincin juna, su ji harshen juna, su gane cewa wancan ma mutum ne. Rukunin farko da Kanar Ahmadu Ali ya jagoranta bai kai mutum 2,500 ba. Gwamnati na iya sanin inda kowannensu ya kwana, kuma mafi yawansu aiki na jiransu kafin su tuɓe kaki. Yanzu dubban ɗaruruwa ake turawa kowace shekara, rukuni kan rukuni, amma tsarin bai yi nisa da na farko ba. An sabunta dokar a 1993, sannan sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya killace ta, ta yadda sauya ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Wannan ya sa nake kai kukan gare ku, domin wuƙa da nama na hannunku.

Amfanin shirin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san karkara. Akwai makarantun sakandare da yawa a ƙauyukanmu da in ka cire 'yan bautar ƙasa babu mai koyar da lissafi ko kimiyya, akwai kuma asibitocin da likitan da ke cikinsu kaf ɗan bautar ƙasa ne. Hukumar zaɓe ma da su take tsayawa a rumfuna. An ƙulla aure da abota da kasuwanci tsakanin Kudu da Arewa ta wannan hanya, waɗanda da ba za a ƙulla ba.

To amma wanda ya ce wa ɗan wani dole ka tafi, shi ne ya ɗauki alhakin dawowarsa. A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 an kashe 'yan bautar ƙasa kimanin goma a jihar Bauchi, yara da iyayensu suka sallama wa ƙasa suka karɓi gawa. A Agustan 2023 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko matasa daga Akwa Ibom za su sansanin Sakkwato da ke Wamakko, suka sace takwas a cikin jihar Zamfara, sai da aka yi kusan shekara guda kafin na ƙarshensu ya kuɓuta. Waɗannan yara ba yawon buɗe ido suka fito ba, takardar kira ce ta gwamnati a jakarsu. Ana ba su shawarar kada su yi tafiyar dare, amma wanda ya taso daga Uyo zuwa Wamakko a motar haya, ta ina zai kauce wa dare? Direba ne ke da ikon tsayawa, ba fasinja ba. Ina roƙon hukuma ta ɗauki nauyin jigilar masu zuwa sansani daga babban birnin kowace jiha, da rakiyar jami'an tsaro da wuraren yada zango sanannu. Inda kuwa hanya ta gagara, a bar matashi ya yi hidimarsa a wata jiha ta shiyyarsa. Bakano da aka kai Zuru ko Kagoro zai ga al'adun da bai taɓa gani ba, ba sai ya ƙetare Kwara ba.

Sai abin da ke biyo bayan mako ukun sansani. Ku dubi yarinya da takardar turawa a hannu, da jaka a ka, ta je ma'aikatar da aka tura ta an ce ba a buƙatarta, ta koma sakatariyar ƙaramar hukuma an ce ta nemo wani wuri da kanta. Ta yi kwanaki tana bin ofis-ofis a garin da ba ta san kowa ba, in dare ya yi ta raɓa a masaukin ƙungiyar Musulmi ta MCAN ko ta Kirista ta NCCF, waɗanda Allah ya saka musu da alheri, su ke rufa wa gwamnati asiri. In ta samu wuri, wataƙila ɗakin ajiyar makaranta za a share mata, babu ƙyaure mai kulle. Injiniya kuma ya ƙare shekararsa yana sayo wa shugaban ofis abinci. Bai kamata a tura kowa wurin da bai rubuto yana nema ba, kuma duk wanda ya nema ya nuna masauki da aikin da zai bayar kafin a amince masa.

Kan alawus, mun gode da ƙarin da aka yi daga naira 33,000 zuwa 77,000, ko da yake an sanar da shi a 2024 bai fara shiga hannu ba sai a Maris 2025. Kafin a kai ga 33,000 ɗin ma, naira 19,800 ta yi kusan shekara tara ba ta motsa ba. A sa a doka cewa duk lokacin da mafi ƙarancin albashi ya tashi, alawus ya bi shi a wata guda, kuma jihohin da suka yi alkawarin nasu kason su riƙa biya.

Akwai maganar da ke da nauyin faɗa, amma gara a faɗe ta. Kowa ya san 'ya'yan wa ke faɗawa Abuja da Legas, kuma 'ya'yan wa ake jefawa inda babu ko layin waya. Kowa ya ji labarin waɗanda ba a ganinsu sai ranar dangwala yatsa ta wata-wata. Takardar shaidar kammalawa ta zama ƙofar aikin gwamnati, har a 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye muƙaminta a kan takardar yafe mata bautar ƙasa. Dokar da ke da irin wannan ƙarfi ba ta dace a riƙa sayen sauƙinta da kuɗi ko da wayar wani babba ba. A fitar da ƙa'idojin sauyin wuri a fili, aure da rashin lafiya da tsaro, a kuma hukunta jami'in da ya sayar da su.

Masu cewa a faɗaɗa tilascin ya game duk wani matashi, ina ganin su dakata. Wanda bai iya ciyar da baƙo ɗaya ba, ba ya gayyatar gari. Amma gaskiya ne cewa shirin na masu digiri da babbar difloma ne kawai da ba su haura shekara 30 ba lokacin kammalawa, alhali mafi yawan matasan Arewa ba su taka jami'a ba. Mai shaidar NCE da aka horar musamman don koyarwa yana zaune a gida, ga makarantu babu malamai. A buɗe wa irinsu, da masu sana'ar hannu, da mahaddatan tsangaya, ƙofar hidima ta ganin dama, da alawus da takardar shaida mai daraja. Shirin koyar da sana'o'i na SAED da aka fara a 2012 kuma a ba shi jari na gaske, kada ya tsaya a laccar cikin zafin rana a sansani.

Ranku ya daɗe, iyaye ba su ƙi ba da 'ya'yansu ba, shekara fiye da 50 suna bayarwa. Muna roƙon Majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a shiyyoyi shida na ƙasar nan, ta saurari tsofaffin 'yan bautar ƙasa da iyayen waɗanda suka rasu a cikinta, sannan ta rubuta haƙƙin tsaro da masauki da alawus a cikin dokar, yadda matashin da aka tauye wa su zai iya kai ƙara kotu. Allah ya ba ku ikon yi.